Neman Tallafin Adana Tsofaffin Majami'u na Ginin Ƙasa: Darasi Daga Wusasa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa ginin ƙasa ba ya son a yi masa riƙon sakainar kashi. Da zarar damina ta ɗauke, maigida yakan zagaya gidansa ya duba inda ruwa ya zaizaye, ya sa a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a daidaita indararo, a toshe ramin gara. Gidan da ake yi wa haka yakan riski jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda kuwa aka bari damina uku ko huɗu ba a waiwaye shi ba, to ya kama hanyar zama kango.

Daga cikin tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage a Arewa, akwai wasu 'yan kaɗan da masana ba su cika ambatonsu ba, watau majami'un da aka gina a farkon ƙarni na ashirin da tubali da azara, bisa tsarin ginin Hausa. Waɗannan gine-gine suna tsakanin haɗari biyu. Na farko shi ne ruwa da gara da tsufa. Na biyu shi ne sha'awar masu su ta rushe su don a kafa na siminti mai faɗi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da ake bi a nemi kuɗin adana irin waɗannan gine-gine, da sharuɗɗan masu ba da kuɗin, tare da ɗaukar majami'ar Wusasa ta kusa da Zariya a matsayin misali. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, masu ba da tallafi suna biyan kuɗin tarihi da fasahar gini ne, kuma sau ɗaya suke biya, alhali ginin ƙasa kowace shekara yake neman a taɓa shi. Saboda haka tallafin da zai yi amfani shi ne wanda aka tsara shi yadda zai bar magina da asusun gida a bayansa.

2.0 Majami'ar Wusasa da Matsayinta

A shekarar 1900 ne wata tawagar mishan ta ƙungiyar C.M.S. ta Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba, suka juyo kudu. A cikin tawagar akwai wani likita, Dokta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus tun kafin ya zo. Shi ne daga baya ya zauna a cikin birnin Zariya ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Wajen 1929 aka mayar da tashar mishan ɗin bayan gari, a gindin dutsen Wusasa, kuma a wannan shekara ce aka gina majami'ar St. Bartholomew. An gina ta da ƙasa, da hannun maginan ƙasar, bisa salon da aka san ginin Zazzau da shi.

Muhimmancin wannan wuri ya wuce na ɗakin sujada kawai. Ta fuskar harshe, sunan Miller ya haɗu da fassarar Littafi Mai Tsarki cikakke zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932, kuma yana cikin manyan ayyukan farko da aka yi da rubutun boko. Ta fuskar tarihin ƙasa, daga wannan al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi karatunsa na firamare a makarantar Wusasa, ya kuma mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Ta fuskar gini kuwa, majami'ar shaida ce cewa fasahar da ta haifi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tana nan da ranta kusan shekara ɗari bayan haka, har ta iya biyan buƙatar wani addini dabam ba tare da ta sake kama ba.

Ba Wusasa kaɗai ce wurin da mishan suka bar gini ba. A ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar S.I.M. ta karɓi kula da asibitocin kutare na lardi a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya kusa da Kano, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Haka kuma ta yi aiki a Tsibiri da Danja a yankin Maraɗi. Bayanin da ke tafe ya shafi duk wani tsohon gini na irin waɗannan tashoshi, ya kuma shafi ƙananan majami'un ƙauye na Hausawa Kirista a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau.

3.0 Abin da Ke Cin Ginin Ƙasa

Mai neman kuɗin magani tilas ya fara sanin cutar. Ginin soro na Hausa yana tsayuwa ne a kan abubuwa kaɗan. Akwai tubali da ake murzawa da hannu a shanya a rana, sa'an nan a jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Akwai azara ta giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba, da ita ake ɗaura bakan gizo da rufi. Akwai kuma yaɓen waje da ke hana ruwa shiga, ko dai makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Rawani da zanko da indararo su ke sarrafa ruwan da ya sauka a kan rufi.

Ruwa shi ne babban abokin gaba, kuma ta hanya uku yake zuwa. Yana sauka a rufi, in indararo ya toshe sai ya kwanta ya jiƙa azara. Yana bugun bango da iska ya kankare yaɓe. Yana kuma taruwa a gindin bango ya ci harsashi, musamman in an ɗaga titi ko an cike fili kusa da ginin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ginin ƙasa wannan magana haka take ba tare da wani ƙari ba.

Akwai wata cuta da mutane ke kawowa da kyakkyawar niyya, watau shafe bangon ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan laima tana fitar da ita, siminti kuwa yana kulle laimar a ciki. Daga waje sai a ga bango sumul, a ciki kuwa ƙasar tana ruɓewa, har ranar da fatar simintin za ta ɓalle ta taho da rabin bangon. Bugu da ƙari, kayan aikin kansu suna ƙaranci. Giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, marina sun ragu, 'ya'yan magina da yawa sun koma aikin bulo. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masu sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Wannan ya nuna cewa lalacewar tsohon wurin ibada magana ce ta rayuka, ko masallaci ne ko majami'a. Sai kuma hannun mutum: a rikicin watan Maris 1987, wanda ya tashi daga Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, an ƙone majami'u masu yawa da wasu masallatai.

4.0 Gyara, Sabuntawa da Adanawa

Tun kafin a kai ga maganar kuɗi, akwai matsala ta harshe wadda takan ɓata takardun neman tallafi. In Bahaushe ya ce za a gyara masallaci ko majami'a, sau da yawa abin da yake nufi shi ne a faɗaɗa, a sa kwano, a shimfiɗa tayil, ko ma a rushe a sake. A wurinsa wannan girmamawa ce ga ɗakin ibada. Masu ba da tallafin kayan tarihi kuwa, wannan shi ne ainihin abin da suke gudu. Ya kamata a rarrabe kalmomi uku. Sabuntawa ita ce maye tsoho da sabo. Gyara shi ne mayar da abin da ya ɓaci ya koma aiki, ko da wane irin kaya. Adanawa ita ce tsare abu a kamarsa, da irin kayan da aka yi shi da su, ba tare da an taɓa inda bai lalace ba.

Ƙa'idodin adanawa na duniya sun samo tushe daga Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ta hana a yi ƙari bisa zato a cikin tsohon gini. Amma an tsara ta ne da gine-ginen dutse na Turai a zuci. Sai a 1994, a taron Nara na ƙasar Japan, aka amince cewa a auna sahihancin gini bisa al'adar mutanen da suka yi shi. Wannan ya yi wa ginin ƙasa daɗi ƙwarai, domin yaɓen da ke jikin bango yau ba shi ne na 1929 ba, kuma bai kamata ya zama shi ba. Abin da ya daɗe shi ne fasali, da irin kayan, da ilmin maginin. Mai rubuta takardar neman tallafi ya kamata ya san wannan hujja, don da ita zai kare kuɗin da ya ware wa horar da magina.

5.0 Hanyoyin Samun Tallafi

5.1 Hukuma

Dokar kare kayan tarihi ta farko mai ƙarfi a Nijeriya ita ce ta 1953. Doka ta 77 ta 1979 ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da alhakin gabatar da gini don a ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa. Hasumiyar Gobarau a Katsina da Gidan Makama a Kano suna cikin waɗanda aka ayyana. Ayyanawa tana ba gini kariyar doka, domin ba a rushe shi ko a sauya shi sai da izinin hukumar. Amma ba ta zuwa da kuɗin kulawa na kowace shekara kai tsaye. Babban amfaninta ga mai neman tallafi shi ne shaida, don kusan duk mai ba da kuɗi daga waje yakan nemi takardar amincewar hukumar ƙasa kafin ya saki ko kwabo.

Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Don haka hujjar da ta fi tsayuwa a gaban hukuma ita ce ta tarihi da al'ada da ilmi. A nan jami'o'i suna da rawar da za su taka. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba malaman manyan makarantu kuɗin bincike. Ba zai yi yaɓe ba, amma malamin sashen zanen gine-gine ko na tarihi zai iya neman kuɗin auna gini da zana shi da tattara labarinsa, kuma wannan shi ne matakin farko na kowane aikin adanawa.

5.2 Ƙasashen Waje

A 2001 Amurka ta kafa Asusun Jakadu na Adana Al'adu, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta. A zagayen 2022 tallafinsa ya kama daga dala 10,000 zuwa dala 500,000. Sharuɗɗansa sun cancanci a yi nazarinsu, domin sun fayyace tunanin masu ba da tallafi gaba ɗaya. Asusun ya yarda ya taimaki wurin ibada in dai an gabatar da shi bisa darajarsa ta gini ko fasaha ko tarihi, ba bisa darajarsa ta addini ba. Bai yarda da sabon gini ko ƙari a jikin tsoho ba. Bai yarda a sake gina abin da ya riga ya ɓace bisa zato ba. Bai kuma yarda a ajiye kuɗinsa a asusun da za a riƙa cin ribarsa ba.

Ƙungiyar World Monuments Fund, wadda aka kafa a 1965 a birnin New York, ta fara fitar da jerin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari a 1996, kuma takan sabunta shi bayan shekara biyu-biyu. Shiga jerin ba ya nufin an sami kuɗi, sai dai yana jawo hankalin masu kuɗin. Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga jerin a 2018. Gidauniyar ALIPH, wadda aka kafa a Janiba a 2017, ta fi mai da hankali ga wuraren da yaƙi ko rikici ya shafa. Ga takardu kuwa, irin su rajistar baftisma da aure da tsofaffin wasiƙu na Hausa, Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya buɗe wani shiri a 2004 na ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari.

Misalai biyu daga waje za su taimaka. Na farko shi ne majami'u goma sha ɗaya na Lalibela a Habasha, waɗanda aka sassaƙa daga dutse, UNESCO kuma ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1978. A 2008 aka kammala wasu manyan rumfuna na ƙarfe a kan biyar daga cikinsu da kuɗin Tarayyar Turai. An yi su ne na wucin gadi, amma suka daɗe, har malaman majami'ar da mutanen gari suka riƙa kukan cewa nauyinsu barazana ne ga abin da aka zo karewa. Daga baya World Monuments Fund da Asusun Jakadun Amurka suka bi wata hanya a majami'ar Gabriel-Rufael, inda aka yi aikin a jikin dutsen kansa, aka kuma horar da ma'aikata 'yan gari. Misali na biyu shi ne birnin Mosul na Iraƙi. A 2018 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba UNESCO kimanin dala miliyan 50 don farfaɗo da Masallacin al-Nuri, sa'an nan aka shigar da majami'u biyu na birnin, al-Tahira da al-Sa'a, cikin aikin. Ƙasar Musulmi ke nan ta biya kuɗin gyaran majami'u, domin an ɗauke su dukiyar birnin baki ɗaya.

5.3 Gida

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai ba da tallafi yakan tambayi abin da masu ginin suka tanada da kansu, ko kuɗi, ko kaya, ko aikin hannu. Al'adar Hausa ba ta rasa hanyoyi ba. Akwai gayya, akwai baiko na musamman da ikilisiya kan yi, akwai ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, akwai kuma bikin ƙaddamar da asusu da aka saba yi wa makarantu da asibitoci. Wuri irin Wusasa, wanda makarantarsa da asibitinsa suka yi wa Musulmi da Kirista hidima, yana da jama'ar da za a iya kira fiye da masu sujada a cikinsa. Sarakuna ma suna da ƙafa a ciki, tun da Sarkin Magina a ƙarƙashinsu yake. Ranakun aikin gayya da jakunan ƙasa da azarar da aka bayar kyauta duk ana iya ƙiyasta kuɗinsu a rubuta su a matsayin gudummawar gida.

6.0 Shirya Takardar Neman Tallafi

Abu na farko shi ne a tabbatar da mai ginin a idon doka. Yawanci majami'a tana hannun amintattu masu rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma da sunansu ake riƙe takardar fili da asusun banki. In fasto ko wani dattijo ya nemi kuɗi da sunan kansa, ba za a saurare shi ba. In kuwa akwai jayayya a kan fili, gara a warware ta tukuna.

Na biyu shi ne bayanin daraja, watau amsar tambayar me ya sa wanda ba ya sujada a nan zai damu da ginin. Wannan yana buƙatar bincike a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna, da Gidan Arewa, da takardun C.M.S. da ke Jami'ar Birmingham, da kuma bakin dattawa. Sunayen maginan da suka yi aikin, da inda aka haƙo ƙasar, da tsofaffin hotuna, duk hujjoji ne masu nauyi.

Na uku shi ne rahoton halin da ginin yake ciki, tare da awo da zane da hotuna masu kwanan wata. Aikin da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Polan, ya yi na auna gine-ginen gargajiyar Nijeriya, wanda aka buga cikin juzu'i uku a 1990, ya isa abin koyi. Ya kamata mai zanen gini da gwanin magini su zagaya tare, domin maginin yakan gane ciwon bango da bugun hannu, mai zanen kuma ya san yadda zai rubuta shi a fahimta a waje.

Na huɗu shi ne kasafin kuɗi da jadawalin aiki. A jera ayyuka bisa gaggawa: rufi da indararo da magudanar ruwa a gaba, ado a ƙarshe. A tuna cewa ginin ƙasa aikin rani ne. Kuɗin da ya iso a watan Yuni zai jira har bayan kaka, don haka a bayyana wa mai bayarwa wannan tun farko. A kuma yi la'akari da sauyin darajar naira tsakanin ranar rubuta takarda da ranar sayen kaya.

Na biyar shi ne riƙon amana. A ware asusun aikin daga asusun ikilisiya, a ajiye rasit, a aika rahoto a kan lokaci. Ƙaramin tallafin da aka kashe da gaskiya shi ke buɗe ƙofar babba. Daga ƙarshe, a yarda cewa kuɗin jama'a yana zuwa da haƙƙin jama'a: ɗalibai da masu bincike da baƙi za su nemi shiga, kuma dole a tsara musu lokaci da bai ci karo da na sujada ba.

7.0 Bayan Tallafi Ya Ƙare

Tallafi yana da ranar farawa da ranar rufewa. Damina kuwa tana dawowa kowace shekara. A nan ne ayyuka da yawa kan faɗi, domin bayan an yanke ƙyalle an ɗauki hoto, babu wanda aka ɗora wa alhakin share indararo.

Ƙasashen Sahel suna da amsa a aikace. Babban Masallacin Jenne a Mali, wanda aka gina a 1907, mutanen gari ne ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yi masa yaɓe. Da Gidauniyar Aga Khan ta Al'adu ta zo gyaran masallatan Mopti da Tumbutu da Jenne daga 2004, da maginan garuruwan ta yi aiki, kuma a Mopti sai da aka ɓamɓare simintin da aka taɓa shafa wa ginin. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 da gudummawar mutanen ƙauye ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ingila ma, duk da arzikinta, ta dogara ne ga duba na a kai a kai: tun 1955 dokar Cocin Ingila ta wajabta a sa masani ya binciki kowace majami'a sau ɗaya a shekara biyar ya rubuta rahoto.

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo abubuwa uku da ya kamata kowace takardar neman tallafi ta ƙunsa. Na ɗaya, a sa almajirai su yi aiki a ƙarƙashin gwani tun daga kwaɓa ƙasa har ɗaurin bakan gizo, a biya su, a kuma rubuta sunayen kayan aiki da matakansa da Hausa. A ƙauyukan tsakiyar ƙasar Katsina, irin su Kafinsoli da kewayen Kankiya da Kusada, ginin ƙasa bai bar rayuwar yau da kullum ba, kuma a irin waɗannan wurare ne ya kamata a nemi hannun da ya saba da aikin. Na biyu, a tsayar da rana ɗaya a kowace kaka ta duba gini da yaɓe, ta zama al'ada kamar sauran bukukuwan ikilisiya. Na uku, a kafa asusun kulawa na gida, tun da kuɗin waje ba ya shiga irin wannan asusu. Musulmi sun san wannan tsari da sunan waƙafi, inda ake keɓe gona ko shago don hidimar masallaci, kuma babu abin da zai hana ikilisiya ta yi kwatankwacinsa.

Inda jama'a suka yi yawa har tsohon ɗaki bai ɗauke su ba, mafita ita ce a gina sabo a gefe, a bar tsohon yana aiki don addu'ar safe ko ɗaurin aure ko karatu. Ginin da ake shiga kullum shi ake ganin yoyonsa da wuri.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa tsofaffin majami'u na ginin ƙasa, irin ta Wusasa, suna riƙe da wani ɓangare na tarihin harshen Hausa da ilmin boko da fasahar magina. An bayyana cewa hukuma tana ba da kariya da shaida, jami'a tana iya ba da bincike, gidauniyoyin waje suna ba da kuɗin babban aiki bisa hujjar tarihi da fasaha, mutanen gida kuma su ne za su ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Aikin da ke gaban malamai da ɗaliban manyan digiri a fili yake: a bi waɗannan gine-gine ɗaya bayan ɗaya a auna su, a zana su, a ɗauki bayanin dattawan da suka san su da maginan da suka taɓa su. Duk wata takardar neman tallafi a kan wannan aiki za ta dogara, kuma aiki ne da za a iya farawa da ranin bana da igiyar awo da littafin rubutu.